Cibiyar Fasaha ta Detroit

Cibiyar Fasaha ta Detroit, wadda aka fi sani da DIA, gidan adana zane-zane da sassaƙe-sassaƙe ne da ke kan titin Woodward a birnin Detroit na jihar Michigan, Amurka. Tana da kayayyaki sama da 65,000 da ɗakunan nuni fiye da 100.

Tarihi

Asalinta wani baje koli ne da ɗan jarida William Brearley ya jagoranta a 1883, inda aka aro zane-zane daga hannun masu su aka nuna wa jama'a. Ganin yadda mutane suka yi tururuwa, sai attajiran gari suka kafa gidan a 1885, aka buɗe gininsa na farko a titin Jefferson a 1888. A 1919 aka miƙa shi ga hukumar birni, ya zama sashe na gwamnati, ana saya masa kaya da kuɗin baitulmali. Lokacin kuwa harkar ƙera motoci na kan ganiyarta. Ginin da ake ciki yanzu, wanda Paul Cret ya tsara, an buɗe shi a 1927.

Da kuɗin birni aka sayi hoton da Vincent van Gogh ya zana na kansa sanye da malafa, a 1922, kuma shi ake ɗauka aikinsa na farko da ya shiga gidan adana kayan fasaha na jama'a a Amurka. A 1930 shugaban cibiyar, Bajamushe William Valentiner, ya samo zanen rawar biki na Pieter Bruegel, na wajen 1566: ƙauyawa sama da ɗari sun cika fili suna cashewa, masu busa na gefe.

Zanen bangon Rivera

Valentiner ne ya gayyato mai zane Diego Rivera, ɗan Meziko, Edsel Ford, shugaban kamfanin motoci na Ford, kuma ya biya. Rivera ya yi watanni yana zaga masana'antar Ford da ke River Rouge kafin ya fara aiki, sannan tsakanin 1932 da 1933 ya yi zane 27 a bangon farfajiyar tsakiya, yana shafa launi tun filasta na ɗanye don ya kama. Bangon arewa na nuna yadda ake haɗa injin mota, na kudu kuma gangar jikinta; ma'aikata farare da baƙaƙe sun duƙufa kafaɗa da kafaɗa.

An yi ce-ce-ku-ce. Rivera ɗan gurguzu ne, wasu limaman coci kuma suka ce wani ƙaramin zane na jariri ana yi masa rigakafi, ga doki da sa da tumaki a gaba, shaguɓe ne ga haihuwar Almasihu. Aka nemi a shafe. Ford bai yarda ba.

Sauran tarin kaya

Akwai dodon tubali daga Ƙofar Ishtar ta Babila, da gunkin Kongo mai ƙusoshi, da ɗakin fasahar Musulunci. A 2000 aka kafa sashe na musamman don ayyukan baƙaƙen fatar Amurka.

Rikicin 2013

A Yulin 2013 Detroit ta ayyana cewa ta kasa biyan bashin da ya kai kimanin dala biliyan 18. Da yake kayan cibiyar mallakar birni ne, masu bin bashi suka sa musu ido. Kamfanin gwanjo na Christie's ya ƙiyasta waɗanda aka saya da kuɗin birni a kan dala miliyan 454 zuwa 867. Wasu na ganin haƙƙin 'yan fanshon birni ya fi zane; wasu na cewa amana ce da ba a sayarwa. A 2014 gidauniyoyi da gwamnatin jiha da ita kanta cibiyar suka yi alkawarin dala miliyan 816 cikin shekara 20 don fansho, aka mayar da kayan hannun ƙungiya mai zaman kanta.

Baje koli da shiga

A 2015 an nuna ayyukan Rivera da matarsa Frida Kahlo na zamansu a Detroit, a 2022 kuma na Van Gogh guda 74. Mazauna gundumomin Wayne da Oakland da Macomb na shiga kyauta saboda harajin da suka amince da shi a 2012, suka sabunta a 2020.