Za ku tashi gida a Yamai? Ku karanta kafin ku kira mai kamiyo

Duk ƙarshen wata tambayoyin nan ake ta maimaitawa. Ga amsoshin wuri guda. Don Allah a karanta tun kaya suna ƙasa, ba sai sun hau mota ba.

Ina zan samu mai kwasar kaya na kirki?

Tambayi wanda ya tare kwanan nan a unguwarku. Idan ka je Wadata ko Katako, tabbatar da mai mota kake magana, ba ɗan kamasho ba.

Ya faɗa mini kuɗi ta waya, in yarda?

A'a. Wanda bai zo ya ga kaya ba, bai ga faɗin lungunku ba, bai san ko bene za a hau ba, zai ƙara kuɗi lokacin da rabin kaya ke cikin mota. A sannan ba ka da bakin magana. Ya zo ya gani, a yanke jimilla: mota, mai, 'yan dako, sawu nawa.

Wace takarda zan nema?

In ya ce kamfani ne, ya nuna ofis da lambar NIF (ta biyan haraji) da ta RCCM (ta rajistar kasuwanci). In mai mota ne shi kaɗai, takardar mota, lasin direba da asiransi mai rai. Ɗauki hotonsu har da lambar mota. Ba rashin kunya ba ne, malam, kayan gidanka kaf za ka damƙa masa. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan.

Kafin alƙalami nawa?

Kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku. Sauran sai an sauke an ƙirga.

Idan kaya suka fashe ko suka ɓata, wa zai biya?

A nan ne ake ɓata zumunci, kuma amsar ba guda ba ce. Da yawa suna zaton asiransin mota ya rufe kayansu. Asiransin dole da kowace mota ke yi na ɓarnar da motar ta yi wa wasu ne a hanya, ba na gadonka da ke bayanta ba. Haka kuma dokar OHADA (ƙungiyar daidaita dokokin kasuwanci a Afirka) ta 2003 kan jigilar kaya ta hanyar mota, wadda Nijar ke aiki da ita, ta cire kwasar kayan tashin gida daga cikinta. Saboda haka abin da kuka rubuta tsakaninku shi ne babban madogararka.

To ya danganta. In yaransa suka ɗaure kaya suka loda, gilashin almuwar ya tsage, hakkin yana wuyansa, matuƙar an rubuta hakan. In kai ka cusa faranti a kwali ba jarida ba tsumma, ka liƙe ka miƙa, da wuya ka ci shi, domin bai ga abin da ke ciki ba. Talabijin da ta ƙi kamawa bayan kwana uku ma rigima ce: zai ce da ma haka take. Maganin shi ne a kunna kowane kayan wuta a gabansa kafin a loda, a ɗauki bidiyo, a sake kunnawa ranar da aka sauke. Kowane kwali a sa masa lamba da babban alƙalami, a rubuta jerin a takarda biyu, ku sa hannu ku biyu da shaida guda. Duk da haka ba lalle ya biya kuɗin sabo ba, galibi gyara ake sasantawa a kai. Amma ragowar kuɗin da ke hannunka ya fi zaryar komisariya tasiri.

Firigo fa?

A kashe shi tun daren jajibirin tashi, ya tafi a tsaye, a ɗaure ƙofar. In dole ta sa aka kwantar da shi, a bar shi tsaye kwana guda kafin a jona, don man injin ya koma mazauninsa. Tukunyar gas a rufe ta tam, ita ma a tsaye.

Tawa za mu koma, da bambanci?

Sosai. Tafiyar ta haura kilomita 500, ta Dosso, Dogondutsi da Ƙonni. Igiya takan saki, dole a tsaya a ƙara ɗaurewa. A sa ɗan gida guda a gaban mota. A tambaya ko za a haɗa kayanku da na wani, nan kwalaye ke sauka a garin da ba nasu ba. Kuɗin hanya kuma a faɗi wanda zai biya tun a Yamai.

Da damina ana iya tashi?

Ana iyawa, hajiya, kwantar da hankalinki. Tamfol mai kauri marar huda, katifu cikin leda, a loda da sassafe. A watan Agusta a fara zuwa a duba lungun sabon gidan, kamiyo mai kaya yana kafewa a laka.

Zinari da takardun gida su shiga kwali?

Haba! Zinari, kuɗi, takardun fili, na haihuwar yara da magunguna, a jakar hannu, a jikinka. Kuma kafin ka miƙa makulli, ɗauki hoton kwantar wuta ta NIGELEC da ta ruwa a gaban mai gida.