Waiwaye: Yadda Tarkacen Leda Ya Shiga Aikin Shimfiɗa Kwalta

Zuba sinadaran roba a cikin kwalta don ta ƙara ƙarfi tsohon abu ne a wurin injiniyoyi, sai dai sabuwar roba ce daga masana'anta, mai tsada. Wanda ya karkata akalar abin zuwa bola shi ne Farfesa Rajagopalan Vasudevan, malamin kimiyyar sinadarai a Kwalejin Injiniyanci ta Thiagarajar da ke Madurai, a kudancin Indiya. A farkon shekarun 2000 ya fara gwaji, kuma a 2002 aka shimfiɗa titin Jambulingam a birnin Chennai, ɗaya daga cikin na farko-farko da aka yi da irin wannan haɗi.

Dabarar tasa ba ta da wani sarƙaƙiya, kuma a nan darajarta take. Ana wanke ledar, a shanya, a yayyanka ta ƙanana-ƙanana. Sai a gasa tsakuwa har zafinta ya kai kimanin digiri 170, a watsa mata ledar. Nan take ta narke ta lulluɓe kowace tsakuwa, sannan a zuba narkakkiyar kwalta a gauraya. Ruwa shi ne babban abokin gabar titi. Da zarar ya shiga tsakanin kwalta da tsakuwa sai su saki juna, rami ya buɗe. Rufin ledar nan yana sa kwaltar ta kama tsakuwa gam. Ledar da ake sakawa ba ta wuce kashi 6 zuwa 8 cikin 100 na nauyin kwaltar, kuma kilomita ɗaya na ƙaramin titi mai layi ɗaya kan ci kusan tan guda. Ba kowace roba ke shiga ba: nau'in PVC, wanda ake yin bututun ruwa da shi, yana fitar da hayaƙi mai guba idan ya ji wuta, don haka dole a tsince shi.

An yi wa dabarar rajistar haƙƙin mallaka a 2006. A 2013 ƙungiyar injiniyoyin hanyoyi ta Indiya ta fitar da ƙa'idojin aiki, a 2015 kuma gwamnati ta wajabta wa 'yan kwangila amfani da leda a titunan da ke cikin kilomita 50 daga garuruwa masu mutum fiye da 500,000. Wannan doka ta ƙara yaɗa abin. An karrama Vasudevan da lambar yabo ta Padma Shri, wadda gwamnatin Indiya ke bayarwa, a 2018.

Daga nan wasu suka ɗauka. Kamfanin MacRebur na Sikotilan ya fara sayar da nasa haɗin, har aka gwada shi a garin Jeffreys Bay na Afirka ta Kudu a 2019. A Ghana, kamfanin Nelplast ya bi wata hanya daban, yana cuɗa roba da yashi ya buga bulon daɓe.

Masana dai ba su gama gamsuwa ba. A 2023 cibiyoyin kimiyya na ƙasa a Amurka suka fitar da rahoto cewa har yanzu ana buƙatar ƙarin bincike kan daɗewar irin waɗannan tituna, da kuma ɓurɓushin roba da ka iya bin ruwan sama ya shiga ƙasa. Tambaya ce ta gaskiya, bai kamata a share ta ba.

A ganina darasin ya shafe mu kai tsaye. Ledar fiya-wata da ke toshe mana magudanai kowace damina, wadda shanu ke haɗiyewa su kumbura, tana cikin irin da ake amfani da ita. Najeriya kuma tana shigo da kwalta daga waje duk da arzikin kwaltar da ke kwance a ƙasa a jihar Ondo. Amma injin ba ya karɓar leda mai datti ko gaurayayya. Kafin a yi maganar titi sai an tsara tattarawa da tantancewa, an kuma yanka wa 'yan jari-bola farashin da zai sa tsintar leda ta biya su wahalarsu.