Nauyin babur ba shi ne zamansa daram ba

An daɗe ana faɗa a Kano cewa babur mai nauyi ya fi tsayuwa daram, mara nauyi kuwa rawa yake yi. A cunkoson Kantin Kwari ko lungunan Kurmi, maganar ba haka take ba.

Babur da ke gudu yana miƙe kansa, domin tayar gaba tana taɓa ƙasa ne a ɗan bayan layin da kan babur ke juyawa a kai, sai ta riƙa komawa saiti. Idan tafiya ta koma ta ƙafa, wannan taimakon ya yi rauni, hannun mai tuƙi ne ke gyara kowace karkata. A nan nauyi wahala ne, musamman idan yana sama.

Shi ya sa roba-roba, mai injin a ƙasa da tanki ƙarƙashin kujera, take kutsawa cikin sauƙi. Dogon babur kuwa, da ke tafiya daram a titin Zariya, sai da fili yake juyawa.

Abin da ya fi damuna shi ne buhunan da ake jibgawa can ƙarshen kariyar babur daga kasuwar Singa. Suna ɗage nauyi daga tayar gaba, kan babur ya yi sako-sako. Ku matso da kaya gaba, ku rage tsayinsu.