Yadda jiki ke jure ƙarancin iskar oksijin, da dalilin da ya sa ƙarancin jini ke ɓoyuwa

Daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka, cibiyoyin lafiya na Garwa, Marwa da Kuseri a arewacin Kamaru sukan cika da yaran da zazzaɓin cizon sauro ya shanye musu jini. Abin da iyaye mata suka fi faɗa idan an gwada yaro aka ga jininsa ya yi ƙasa sosai shi ne, ai jiya ma yana wasa da 'yan'uwansa a tsakar gida. Gaskiya suke faɗa, kuma ba sakaci ba ne kawai. Jikin ɗan Adam yana da hanyar lallaɓa kansa idan iskar oksijin ta ragu a cikinsa, kuma wannan lallaɓawar ce take rufe cutar har sai ta yi nisa.

Iskar da muke shaƙa, kashi 21 cikin 100 nata oksijin ce. Huhu yana miƙa ta ga jajayen ƙwayoyin jini, su kuma su raba ta ga kowace ƙwayar jiki domin ta ƙona abinci ta samu ƙarfi. A cikin ƙwayoyin jikin akwai wani furotin da masana suke kira HIF, wanda ake ƙera shi dare da rana ba tsayawa. Muddin oksijin ta wadata, wasu sinadarai suna ɗora masa alama, wani furotin mai suna VHL ya gane alamar ya kai shi inda za a narkar da shi, duk cikin 'yan mintoci. Kamar ɗan aike ne da ake tashi kullum amma ake tare shi a zaure. Sinadaran da suke ɗora alamar ba sa iya aiki sai da oksijin, saboda haka da zarar ta yi ƙaranci sai alamar ta daina hawa, HIF ya taru, ya shiga cibiyar ƙwayar inda ƙwayoyin gado suke, ya tayar da ɗaruruwansu waɗanda da suke kwance.

Gregg Semenza na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka ne ya gano HIF a farkon shekarun 1990. A shekarar 2001 kuma William Kaelin a Amurka da Peter Ratcliffe a Ingila, kowannensu da tawagarsa, suka bayyana yadda ake ɗora alamar. Su ukun suka raba kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2019.

Umarnin da HIF yake kaiwa iri-iri ne. Ƙoda tana ƙara fitar da sinadarin EPO, wanda yake zuwa ɓargo ya sa shi ƙara ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Hanji yana ƙara tsotso sinadarin ƙarfe daga abinci. Sababbin ƙananan jijiyoyin jini suna tsirowa zuwa wurin da iskar ba ta isa. Ƙwayoyin jiki kuma suna komawa samun ƙarfi daga sukari ta hanyar da ba ta buƙatar oksijin sosai, ko da yake ribarta kaɗan ce. Idan aka haɗa wannan da saurin bugun zuciya, sai yaron da jininsa yake raguwa sannu a hankali ya ci gaba da tafiya da cin abinci, alhali jikinsa yana cin bashi ne.

Matsalar ita ce wannan tsari yana da iyaka guda biyu. Ta farko lokaci: sabon jini ba ya samuwa a wuni ɗaya, ana ɗaukar kwanaki kafin sababbin ƙwayoyi su fara fitowa, da makonni kafin jinin ya cika, alhali zazzaɓin cizon sauro mai tsanani yana iya fasa ƙwayoyin jinin yaro cikin kwana biyu ko uku. Ta biyu kayan aiki: ko ƙoda ta yi ta aika EPO, ɓargo ba zai ƙera komai ba idan babu sinadarin ƙarfe. Shi ya sa mai ciki da take zubar da ƙwayoyin maganin ƙarin jini masu sinadarin ƙarfe da aka ba ta a wurin awo, don suna sa bayan gida ya yi baƙi, take cutar kanta a banza. Baƙin bayan gidan daga maganin ne, ba shi da illa. Hanta, nama, kifi, wake da zogale suna taimakawa, musamman idan aka haɗa da lemun tsami ko gwaiba. Shayin da muke sha a kan abinci kuwa yana rage tsotson ƙarfen, don haka gara a jinkirta shi da kamar awa ɗaya bayan an ci. Na san wannan shawara ba ta yi wa mutanen Njamena daɗi, amma mai ciki da ƙaramin yaro su ne abin dubawa.

Kada uwa ta jira sai yaro ya fara haki. A wurin da haske yake, ta buɗe tafin hannunsa ta kwatanta da nata, ta ja fatar idonsa ta ƙasa ta duba cikin. Idan ta ga fari-fat a maimakon ja, ko yaron yana saurin gajiya, ko ya ƙi nono, a kai shi asibiti ran nan a gwada jininsa. Ga yaro ɗan ƙasa da shekara 5, ma'aunin jini na Hb (sinadarin da yake ɗaukar oksijin a cikin jini) da ya gaza 7 ƙarancin jini ne mai tsanani a ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya. A kuma lura cewa ƙaramar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa tana iya nuna 98 a jikin yaron da jininsa ya kusa ƙarewa, domin tana auna yadda ɗan jinin da ya rage ya cika da iska ne, ba yawan jinin ba. Amfaninta ya fi fitowa a ciwon huhu, inda duk yaron da ta nuna ƙasa da 90 yake buƙatar a sa masa oksijin.

Masu sikila lamarinsu daban ne. Ƙwayar jinin mai lafiya tana kai kwana 120, tasu kuwa kwana 10 zuwa 20 take yi, kuma ƙarancin oksijin ne yake lanƙwasa ta ta toshe jijiya. Kada a saya musu maganin ƙarin jini a kasuwa sai likita ya gwada ya rubuta. Haka mai ciwon ƙoda da ya daɗe, jininsa yana raguwa ne domin ƙodar ta gaza fitar da EPO, kuma zogale kaɗai ba zai gyara wannan ba.

Akwai kuma inda HIF ba ya samun ko damar fara aiki. Idan sanyin hunturu ya sauko aka shigar da kaskon gawayi ɗaki aka rufe ƙofa da taga, gawayin yana fitar da wata iska marar wari da marar launi, wadda take kama jini fiye da oksijin sau 200 da ɗoriya. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya ga duk mutanen ɗaki a lokaci guda su ne alamarta. A buɗe ƙofa, a fitar da kowa waje nan take, a garzaya da su asibiti, kuma kada a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki ko da ya daina hayaƙi.