Makara a "homeroom" ba ita ke kai iyaye kotu ba

Wata 'yar uwa da ke jihar Kalifoniya ta Amurka ta kira ni hankali a tashe, wai an aiko mata takarda cewa ɗanta ya makara a homeroom sau biyu, kuma maƙwabciyarta ta ce na uku sai kotu. Na ce ta kwantar da hankalinta.

Homeroom ba ɗakin horo ba ne, ba kuma karatun gida ba ne. A sakandaren Amurka ɗalibai ke bin malamai aji-aji, don haka makarantu da yawa suke ware wa kowane yaro aji guda da zai fara zama na 'yan mintuna, a kira suna, a karanta sanarwa. Kamar dai fom masta da rajistarsa a wajenmu.

Dokar tilasta karatu a jihar ta shafi yara daga shekara 6 zuwa 18. Inda mutane ke ruɗewa shi ne sashe na 48260 na dokar ilimi. Ana lissafa yaro cikin masu gudun makaranta idan ya yi fashin kwana uku a shekarar karatu ba da uzuri ba, ko ya makara fiye da minti 30 har sau uku, ko biyun suka haɗu. A lura da minti 30 ɗin nan. Makarar minti biyar ladabtarwar makaranta ce kawai. Ko an kai ukun ma, wasiƙa ake fara aikowa, sai zama da iyaye, sai kwamitin gunduma. Kotu ce ta ƙarshe, kuma tarar farko ba ta wuce dala 100 ba.

Rashin lafiya da ganin likita uzuri ne. Ranar Sallah ma haka, amma sai uba ko uwa sun nema a rubuce shugaban makaranta ya amince. Nan namu ke faɗawa tarko, mu ɗauka ai kowa ya san Sallah ce.

Me ya sa suka matsa haka? Kuɗin da jiha ke ba makarantu ya danganta da yawan yaran da ke zuwa kullum. Ni dai ina ganin uwar da ta kwana a wurin aiki, bas kuma ya tsere wa ɗanta, ba ta cancanci wasiƙa iri ɗaya da uwar yaron da ya laɓe a shago ba.