Mai cire maka damuwa, wa ya ba shi lasisi?

Salam jama'a. Wallahi abin nan ya fara isata shi ya sa na ce bari in yi magana. A watan nan kaɗai mutum nawa aka kawo mana asibitin da nake aikin nas jini ya hau, wata baiwar Allah ma har bakinta ya karkace, ana tambaya sai ka ji ai ta ajiye maganin hawan jininta ne saboda wani mai "cire damuwa" da ta gani a TikTok ya ce mata duk tunani ne kawai, ta rinƙa kwanciya tana jan numfashi ta manta da ƙwaya. Na ce Hajiya kin tambaye shi a ina ya yi karatu, wace ƙungiya ce ta san da zamansa? Ta ce ai ya nuna satifiket a bidiyo. Haba Hajiya, satifiket ɗin da kowa zai iya bugawa a shagon kwamfuta?

Kar ku fahimce ni ba daidai ba, motsa numfashi da sassauta jiki abu ne mai kyau kuma mu ma muna koyar da shi. Tun shekarun 1920 wani likita a Amurka, Edmund Jacobson, ya fito da hanyar ɗaure tsoka a sake ta gaɓa gaɓa, a 1932 kuma Johannes Schultz a Jamus ya kawo tasa ta kwantar da jiki ta hanyar mai da hankali. Yana taimaka wa barci da faɗuwar gaba, na gani da idona. Amma fa taimako ne a kan magani, ba ya maye gurbinsa, kuma wanda ya koyi aikin da gaske ba zai taɓa ce maka ka daina shan abin da likita ya rubuta ba.

Abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne ba ku tambaya. Za ku sayi buhun shinkafa sai kun duba kun taya, amma ƙwaƙwalwarku da zuciyarku kuna miƙa wa wanda ba ku san ko sunansa na gaskiya ba. Ba ku tambaya! Kuma ga inda za a tambaya nan a ƙasar nan. Likita dai hukumar likitoci ta Najeriya, MDCN, ce ke ba shi lasisi, likitocin ƙwaƙwalwa suna da ƙungiyarsu APN, masana halayyar ɗan Adam masu ganin marasa lafiya suna da NACP, masu gashin ƙashi da motsa gaɓoɓi hukumar MRTB ke musu rajista, mu ma nas nas muna da majalisarmu. Amfanin haka in ya cuce ki akwai inda za ki kai ƙara a ladabtar da shi, shi kuwa na waya gobe sai ya canza lamba shi ke nan. Kuma ku lura, katin zama ɗan ƙungiya daban lasisin aiki daban, ku nemi ganin duka biyun, ba rashin kunya ba ne.

Na san rayuwa ta yi tsada, na san wasunku kunyar a gan su a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko Barnawa ko Kware suke ji kar a ce sun haukace, ina tausaya muku wallahi. To amma tun Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, kuna da haƙƙin a rufa muku asiri a duba ku da mutunci.

A taƙaice dai, tambayi me ya karanta da lambar rajistarsa, in ya fara kame-kame ki ɗau jakarki. Kar a ajiye maganin hawan jini ko na suga ko na farfaɗiya. Kar a je kemis a sayi ƙwayar barci ba takardar likita. Ciwon ƙirji, shanyewar hannu, ko tunanin kashe kai, a taho asibiti a ranar, dan Allah kar a tsaya jan numfashi.