Canza bushin na lowa am a gida

Bushin wani dunƙulen roba ne mai tauri da aka ɗaure tsakanin bututun ƙarfe biyu, ƙarami a ciki babba a waje, wanda ake cusawa a kunnuwan lowa am, wato ƙarfen da ke haɗa mariƙin taya da gindin mota. Yana cikin kayan da makanikai ke tarawa a ƙarƙashin suna guda su ce ƙafar mota, tare da shokazoba da sifirin da tayarod da bol joyin, wato gaɓar da ke haɗa lowa am da mariƙin taya. A ƙasashen da ake aiki da Faransanci, kamar Nijar da Chadi, an fi saninsa da silentbloc. Canza shi aiki ne da mai mota zai iya yi a gidansa idan yana da kayan aiki da haƙuri, sai dai kuskure ƙarami a cikinsa kan cinye sabon bushin cikin ɗan lokaci, babba kuwa yana iya jawo asarar rai.

Yadda yake aiki

Robar da ke cikin bushin ba zamewa take yi a kan ƙarfe ba, murɗewa take yi. Ana kama bututun ciki da bol a jikin mota ta yadda ba ya motsi, bututun waje kuma yana manne da lowa am, saboda haka duk lokacin da taya ta hau sama ko ta sauka, robar da ke tsakani ce take murɗuwa ta kuma dawo. Ta haka take shanye girgizar hanya da ƙarar kwalta kafin su isa ga mutanen da ke cikin mota, kuma take riƙe taya a mazauninta idan an taka birki ko an karya kwana. Wannan ya yiwu ne saboda hanyar dafa roba da farar wuta, wadda Charles Goodyear ya yi wa rajista a Amurka a 1844, domin ita ce ta sa roba ta daina narkewa da zafi da sandarewa da sanyi.

Yawancin ƙananan motoci na yau suna amfani da tsarin ƙafar gaba da injiniyan Amurka Earle MacPherson ya ƙirƙiro, wanda ya fito a motar Ford Consul a Ingila a 1950. A wannan tsari lowa am ɗaya ne a kowane ɓangare, galibi da bushin biyu. Na gaba ƙarami ne mai tauri, na baya kuwa babba ne mai laushi, kuma shi ne ke ɗaukar dukan rami da nauyin birki, don haka shi ya fi saurin mutuwa. A wasu motoci, kamar wasu samfuran BMW, babban bushin ɗin yana da ruwa a cikinsa, kuma idan ya fashe ana ganin baƙin danshi a gefensa.

Alamomin lalacewa

Roba tana tsufa ko da an ajiye mota ba a hawa. Zafin rana yana busar da ita, man inji ko man sitiyari da ke ɗiga a kanta yana kumbura ta har ta yi taushi, gargada da lodin da ya wuce kima kuma suna yaga ta. Direba yakan fara jin ƙwanƙwasa daga ƙasa idan ya shiga rami ko ya taka birki ba zato, sannan motar ta riƙa ja gefe ko sitiyari ya riƙa rawa, daga baya tayar gaba ta cinye ta gefe ɗaya. Bol joyin da tayarod da suka mutu suna ba da irin waɗannan alamomi, shi ya sa ba a yanke hukunci da kunne kaɗai. Ana ɗaga motar, a sa dogon ƙarfe a ɓanɓari lowa am ɗin a hankali, a duba da tocila. Ƙananan tsage a fuskar roba tsufa ne kawai, amma idan tsagar ta ratsa har ciki, ko robar ta rabu da bututunta, ko ƙarfe yana taɓa ƙarfe, to lokacin canji ya yi. Ana canza na dama da na hagu tare, domin tare suka tsufa.

Kwancewa

Kafin a taɓa komai sai a tabbatar motar tana kan daɓe mai tauri kuma miƙaƙƙe, a ja birkin hannu, a tokare tayoyin baya, a sassauta notocin taya tun tana ƙasa. Jak na ɗagawa ne kawai, ba na riƙewa ba. Da zarar motar ta tashi dole a ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe da aka yi don wannan aiki, kuma bulon siminti ba ya maye gurbinsu, domin yana farfashewa ba tare da gargaɗi ba. Haɗari na biyu shi ne sifirin. A tsarin MacPherson yana ɗaure a jikin shokazoba, don haka cire lowa am ba ya sake shi, amma a motocin da sifirin ke zaune kai tsaye a kan lowa am, kamar ƙafar bayan motoci da dama da ƙafar gaban wasu a-kori-kura, yana matse da ƙarfin da zai iya karya ƙashi. Wanda ba shi da abin matse sifirin kuma bai taɓa ganin an yi ba, ya fi masa alheri ya kai gareji.

Bayan cire taya ana raba bol joyin da mariƙin taya, a kula kada a yaga robar da ke rufe giris ɗinsa, sannan a kwance bol-bol ɗin da suka ratsa bushin. Idan sun yi tsatsa ana fesa musu man sassauta tsatsa tun daren da ya gabaci aikin. Wasu motocin suna da bol mai karkataccen wasa, wato zoben ƙarfen da ke ƙarƙashin kan bol, wanda da shi ake saita tsayuwar taya, kuma irin wannan sai an yi masa alama da fenti kafin a juya shi.

Fitar da tsoho da saka sabo

Nan ne wahalar aikin take, domin matse bushin aka yi a cikin kunnen lowa am da ƙarfin tan da yawa, guduma kaɗai ba ta fitar da shi sai dai ta lanƙwasa kunnen. Hanya mafi tsabta ita ce a kai lowa am ɗin wurin mai injin matsi, ya tura tsohon ya fita ya tura sabon ya shiga cikin 'yan mintoci. Wanda ya ƙuduri yin komai a gida yakan yi amfani da dogon bol mai ƙarfi da noti da wasa masu kauri da guntayen bututu biyu, ɗaya daidai da bakin bushin ɗin don ya tura shi, ɗaya kuma ya fi shi faɗi don ya karɓe shi. Idan tsohon ya kafe, ana huda robar da injin huji a cire ta, a zura zarton ƙarfe a yanka bututun waje daga ciki har ya kusa rabuwa, sannan a naɗe shi da kurfi. Zarton bai kamata ya taɓa jikin lowa am ba. Wasu suna ƙona robar da wuta, amma hayaƙin yana da guba, kuma zafin yana raunana ƙarfen, musamman idan na alminiyom ne.

Kafin a fitar da tsohon sai a lura da yadda yake fuskanta. Babban bushin yakan zo da ramuka ko kibiya a jikinsa, domin an yi shi ya yi laushi ta wata fuska ya yi tauri ta wata, kuma idan aka saka shi a karkace motar ba za ta daidaitu ba. Ana goge cikin kunnen da takardar yashi, a tura sabon a miƙe, ana matsa bututun waje kaɗai ba robar ko bututun ciki ba. Ajiye shi a firiza na wasu awoyi yana ɗan tsuke ƙarfen ya sauƙaƙa shigarsa. Giris na yau da kullum yana ɓata roba, saboda haka bushin da ba shi da bututun waje da ruwan sabulu ake saka shi. Akwai kuma na foliyuretan, sinadarin da Otto Bayer ya samar a Jamus a 1937, wanda ya fi roba tauri kuma sau da yawa yakan zo gida biyu a saka shi da hannu, amma yana ƙara girgiza kuma yana kuka idan ba a shafa masa nasa giris ɗin ba.

Ingancin kayan yana da muhimmanci kamar ingancin aikin. A kasuwannin kayan gyara irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna ana samun sabo da na hannu, har da wanda ake yankowa daga tsohuwar taya. Wannan na ƙarshe yana da arha, amma ba a manne yake da ƙarfe ba kuma taurinsa ba na motar ba ne, don haka girgizar da ya ƙi shanyewa takan koma kan sauran kayan ƙafa. Idan bol joyin ma ya fara wasa, sayen lowa am sukutum ya fi sauƙi.

Ɗaurewa

Matakin da aka fi yin sakaci da shi shi ne na ƙarshe. Idan aka ɗaure bol ɗin bushin tamau alhali mota tana sama taya tana reto, to da an sauke ta robar za ta kasance a murɗe tun kafin motar ta motsa, kuma kowane rami zai ƙara murɗa ta fiye da iyakarta har ta yage. Ƙa'ida ita ce a mayar da bol ɗin a kama shi sama-sama, a sauke motar nauyinta ya hau tayoyi, a ɗan jijjiga ta ta zauna, sannan a ɗaure. Inda hannu ba ya shiga, ana ɗora tayoyin a kan gadar hawa ko a tsaya a kan rami, ko kuma a sa jak a ƙarƙashin lowa am a ɗaga shi zuwa tsayin da yake kaiwa idan mota tana ƙasa. Wannan ya shafi bushin da ke kwance, wanda bol ɗinsa shi ne abin da lowa am ke juyawa a kansa.

Kowane bol yana da ma'aunin ƙarfin ɗaurinsa a littafin gyaran motar, kuma da sifana mai awo ake cika shi, ba da ƙarfin damtse ba. Noti mai kulle kansa da fil ɗin bol joyin ba a maimaita su, sababbi ake sakawa. Daga nan sai a kai motar a yi mata alaimen, wato a saita tsayuwar tayoyinta, domin sabon bushin yana mayar da taya wani matsayi dabam da wanda aka saita ta a kan tsohon, kuma idan aka bar ta haka sabuwar taya ma za ta cinye ta gefe.